Jirgin da Bai Tashi Daga Lyon Ba

Sufeto Hassoumi Alasan yana tattara takardun teburinsa da niyyar tafiya gida lokacin da wayar ofis ta yi ƙara. Ranar Asabar ce, bayan la'asar.

"An samu gawa a cikin jirgin ruwa na masu yawon hutu," in ji shugabansa. "Yana ɗaure a bakin kogin Rhône, kusa da gadar jami'a. Fasinja ne, ɗan Nijar. Matarsa ba ta jin Faransanci sosai. Kai za ka je."

Hassoumi mutumin Tahoua ne. Karatu ya kawo shi Lyon tun yana saurayi, daga baya ya shiga aikin ɗan sanda. Ya ɗauki rigarsa, ya leƙa ofishin da ke kusa ya kira abokiyar aikinsa, Saje Yasmine.

Jirgin fari ne, dogo, kamar an kwantar da bene a kan ruwa. A samansa fasinjoji suna tsaitsaye, yawancinsu tsofaffin Turawa, kowa da rigar ceto ruwan lemo a wuya.

Kyaftin ɗin jirgin ya tare su a bakin ƙofa yana share gumi.

"Faɗuwa ce, Sufeto. Dattijo ne, ga ciwon sukari. Da magariba ya kamata mu tashi zuwa Avignon."

"Wa ya same shi?"

"Mai gyaran ɗakuna. Kafin mu tashi muna tara kowa a sama, mu nuna musu yadda ake sa rigar ceto. Da aka kira sunaye, mutum biyu ba su amsa ba. Na aika a duba."

"Kada kowa ya sauka daga jirgin nan," in ji Hassoumi. "Ko fasinja, ko ma'aikaci."

Ɗakin ƙarami ne, mai tsabta, da ƙofar gilashi mai kallon kogi. Alhaji Mai Moussa Ɗan Juma yana kwance a ƙasa tsakanin gado da tebur, cikin farar shadda. Likitan 'yan sanda ya riga ya durƙusa a kansa.

"Ƙeyarsa ta bugu da gefen teburin nan," in ji likitan. "Ga jinin. Yana yiwuwa santsi ne ya ɗebe shi."

Hassoumi ya daɗe yana kallon gawar. An kwantar da ita a gefen dama, fuska tana kallon gabas. Idanu a rufe. Hannuwa a miƙe a jikin cinya. A ƙarƙashin kan akwai farin tawul a ninke, hular mamacin kuma an ajiye ta a kan gado.

Ya sa aka kira matar da ta fara ganin gawar.

"Ke kika sa masa tawul?"

"Ban taɓa shi ba. Haka na same shi, na fita da gudu."

Yasmine ta dubi Hassoumi. "Me ka gani?"

"Wanda ya faɗi shi kaɗai ba ya ninke wa kansa tawul, ba ya juya fuskarsa alƙibla. Haka muke kwantar da mamaci a gida. Akwai mutum a ɗakin nan lokacin da ya cika, kuma mutumin ya san abin da ake yi."

Matar mamacin tana zaune a babban falon jirgin, an ajiye mata ruwa a gabanta ba ta taɓa ba. Sunanta Hajiya Nazifa. Har yanzu rigar ceton tana wuyanta, a kan mayafi. Hassoumi ya rusuna ya gaishe ta da Hausa. Ta ɗago da sauri kamar wadda aka tasa daga barci.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta."

"Amin, ɗana. Amin. Ashe akwai namu a nan."

Ya taimaka mata ta cire rigar, ya zauna nesa kaɗan.

"Ki ba ni labarin yau tun daga farko. Kome ƙanƙantar abu, kada ki tsallake."

Nan take maganar ta ɓalle mata.

"Daga Paris munka taso da safe. Alhaji yana da shago a unguwar Goutte d'Or, atamfa da turare. Shago, masallaci, gida, iyakar tafiyarshi ke nan. Likita ya ce ya huta. Shi ne ɗiyarmu Hibatullah, mai aikin asibiti, ta yanko muna tikitin wannan tafiya. Ni ban taɓa shiga ko kwalekwale ba, ɗana. Gulbinmu na Maradi rabin shekara yashi ne. Gulbin Seine na Paris ma daga tagar jirgin metro nike hango shi."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Da munka sauka daga taksi na ce, Alhaji, ina jirgin? Ya ce ga shi nan gabanki. Na ce wannan ai otel ne ya kwanta bisa ruwa. Na taka da bisimilla ina jiran ƙasa ta motsa, ba ta motsa ba. Wata Baturiya ta miƙo mini abu a faranti, fari, a naɗe, yana tururi. Na ɗauka abinci ne. Ashe tawul ne na goge hannu. Alhaji ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Na daɗe ban ga haƙoranshi haka ba."

"Sai kuka shiga ɗaki."

"Da kati ake buɗe ƙofar, babu makulli. Na ja labule, sai ga ruwa daidai ƙafata, wani farin tsuntsu mai dogon wuya, girman rago, yana kallona ta gilashi. Na ce wa Alhaji ni a nan zan zauna har mu dawo, ba ni buƙatar ganin wani gari. Ya ce bari jirgin ya tashi tukun ki ga abin mamaki."

Muryarta ta karye. Hassoumi ya jira.

"Wa ya shigo ɗakin bayan ku?"

"Mai ɗaukar kaya kawai. Baƙi ne, dogo, hula har bisa gira, ga takunkumi ya rufe fuska kamar lokacin annoba. Ko gaisuwa bai yi ba. Amma ya san aikinshi. Akwai wata 'yar jaka koriya da allurar sukarin Alhaji ke ciki. Bai tambayi kowa ba, ya buɗe firij ya saka ta. Na ce oh, horon Turawa."

"Akwai rubutu a jikin jakar?"

"Babu. Tsohuwar jakar kayan kwalliyata ce."

Hassoumi ya ji wani abu ya tsaya masa a rai, amma bai nuna ba.

"Alhaji ya ce wani abu?"

"Ya miƙa mishi tukuici, mutumin ya girgiza kai, ya fita da baya. Alhaji ya bi shi da kallo har ya ɓace. Daga nan dariyar ta ɗauke. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Da anka kira mu sama, muna tsaye ana nuna muna rigar nan, sai ya ce ya manta tabarau, bari ya sauka. Tabarau ɗin kuwa yana aljihunshi, na gani da idona. Ban ce komai ba. Da na sani da na riƙe shi."

"Kuna da wani a Lyon?"

Fuskarta ta ɗan saki. "Ɗanmu, Abdoul Razak. Injiniya ne. A Villeurbanne, nan kusa da Lyon, ya yi lakkol, wato jami'a, yanzu yana aikin madatsun ruwa. Ba mu gaya mishi muna zuwa ba, Alhaji ya so ya ba shi mamaki. Ya kira shi daga tasha, sai ya ce aiki ya kai shi garin Grenoble." Ta turo wayarta. "Ɗana, kai ka kira shi. Ni ba ni iyawa."

Hassoumi ya kwafi lambar. "Zan kira shi, Hajiya. Bari in san abin da zan gaya masa tukun."

Mutum na biyu da bai amsa sunansa a sama ba, ɗakinsa yana manne da na mamacin. Malam Rachidou, ɗan Damagaram, ma'aikacin wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris. Ya buɗe ƙofa kaɗan, da kwat a jikinsa, yana tauna cingam.

"Ina sama, Sufeto, tare da kowa," ya faɗa da Faransanci. "Can baya na tsaya, ban ji an kira sunana ba."

"Ka san mamacin?"

"Ganin ido kawai."

Yasmine ta wuce ta gefensa ta buɗe kabad. Rigar ceto tana ciki a ledarta, ba a ko yage ta ba. Ta sunkuya ta ɗaga tawul ɗin da aka rufa a kan kwandon shara. Kwalbar giya ce, saura kaɗan.

Hassoumi ya juya harshe zuwa Hausa. "Malam, abin da ka sha tsakaninka da Ubangijinka ne, ba aikina ba ne. Amma an kashe mutum a bayan bangon nan, kai kuma ka yi mini ƙarya. Ka zaɓa, ko mu yi magana a nan, ko a komisariya, ofishinmu."

Rachidou ya zauna a bakin gado.

"Na san shi. Sahu ɗaya muke bi ranar Juma'a a Goutte d'Or. Da na gan shi a tasha sai da gabana ya faɗi. Na zo ne in huta inda ba wanda ya san ni. Shi ya sa na kulle kaina."

"Me ka ji?"

"An buga ƙofarsu da ƙarfi. Sai muryar Alhaji, da Hausa, yana cewa, cire abin nan in ga fuskarka. Suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba. Can sai wata murya ta matashi ta ce, Baba, don Allah tsaya. Ya faɗa sau biyu ko uku. Sai na ji faɗuwa."

"Sannan?"

"Shiru. Shiru mai tsawo. Daga baya wani yana kuka a hankali, yana salati."

"Ba ka fito ba."

Rachidou ya sunkuyar da kai. "Bakina yana wari, Sufeto. Na ce da wane ido zan kalli Alhaji."

A waje Hassoumi ya fassara wa Yasmine.

"Baba," ta maimaita. "Mahaifi ke nan?"

"Ba lalle ba. Kowane matashi a wurinmu haka zai kira dattijo."

Ya faɗi haka, amma shi kansa bai ji daɗin amsar ba.

Likitan ya leƙo daga ɗakin mamacin da ƙaramar leda a hannu. "Wannan yana cikin tafin hannunsa na dama, a damƙe." Siririn zaren roba ne, fari, da ɗan guntun shuɗin ƙyalle a jikinsa. Igiyar takunkumin fuska.

Shugabar ma'aikatan jirgin Bafaranshiya ce mai gajeren gashi, tana magana da sauri. Ta ce 'yan Nijar biyu ne a cikin mutanenta: Habibou a kicin, da Abdoul mai ɗaukar kaya.

"Abdoul shekararsa ta uku ke nan da mu. Bai taɓa makara ba, fasinjoji suna sonsa. Yau ne kawai ya ba ni mamaki. Ana fara sauke kaya a bakin ruwa ya zo mini fuska a yamutse, wai mura ta kama shi, in bar shi ya tafi gida. Na ce ba ni da hannu, ya sa takunkumi ya ci gaba."

"Yana ina yanzu?"

"Tun da aka hau sama ban gan shi ba."

Sun tarar da Habibou yana yanka albasa a kicin, wuƙar tana tafiya amma idonsa yana kan ƙofa. Gajere ne, mai ƙiba, ɗan Konni.

"Abdoul ya sauka tun azahar, Sufeto. Zazzaɓi. Na gan shi ya hau taram, jirgin nan na kan titi."

"Mai gadin ƙofa ya ce babu ma'aikacin da ya sauka yau."

"To, wataƙila ta baya ya bi."

"Ta baya ruwa ne, Habibou. Yana jin Hausa?"

"Wa? Abdoul? Ko kaɗan. Ina jin ɗan Mali ne ma."

Hassoumi ya juya ga shugabar ma'aikatan, wadda ta biyo su. "Madam, mene ne cikakken sunan Abdoul?"

"Abdoul Razak Mai Moussa."

Wuƙar Habibou ta tsaya.

Hassoumi ya maimaita sunan a hankali. Ya ga gawarwaki da yawa a aikin nan, a kan titi, a cikin mota, a ƙarƙashin gada. Bai taɓa gamuwa da irin ta yau ba.

"Me ya faru?" in ji Yasmine. "Sunan mamacin ai Ɗan Juma."

"Ɗan Juma sunan uban mamacin ne. A Nijar ɗa sunan ubansa yake ɗauka, ba na kakansa ba. Sunan mamacin na yanka Mai Moussa." Ya dubi Habibou. "Ka sani?"

Habibou ya ajiye wuƙar, hawaye suna zuba, ba na albasa ba. "Wallahi ban san an mutu a hannunsa ba. Ya shigo nan ya ce in an tambaya in ce ya sauka. Na ɗauka iyayensa kawai yake ɓuya wa. Da suka iso ya nuna mini su ta taga, ya ce Habibou, yau asirina ya tonu."

"Yana ina?"

"Ban sani ba. Jirgin nan lunguna gare shi."

Hassoumi ya aika Yasmine wurin kyaftin da saƙo: idan ya ɗaga hannu, a busa ƙahon jirgin sau ɗaya. Ya fita ya tsaya a baranda inda za a hango shi daga ɗakin tuƙi, ya danna lambar da Hajiya ta ba shi.

Ta yi ta ƙara har ya fid da rai, sannan aka ɗauka.

"Allô?"

"Salamu alaikum. Abdoul Razak ne? Sunana Hassoumi, ɗan sanda ne ni a Lyon. Mahaifiyarka ce ta ba ni lambarka. Kana ina?"

"Grenoble." Muryar a dushe take. "Ina wurin aiki. Lafiya?"

"Ba ka tambaye ni abin da ya haɗa mahaifiyarka da ɗan sanda ba."

Hassoumi ya ɗaga hannu. Ƙahon ya yi ruri har tsuntsayen bakin ruwa suka watse. A cikin wayar ma rurin ya fito, a toshe, kamar daga cikin rijiya, tare da ƙugin wani inji.

Ya bari ƙarar ta mutu.

"Abdoul Razak, babu jirgin ruwa a Grenoble. A wane ɗaki kake?"

Hassoumi ya matse wayar a kunne. Numfashi kawai yake ji.

"Ɗakin wanki. Can ƙasa."

Matakalar ƙarfe ce siririya. A ƙasa zafi ya yi yawa, injinan wanki suna juyi. Abdoul Razak yana zaune a ƙasa tsakanin buhunan zannuwan gado, gwiwoyi a ƙirji. Dogo ne, bai kai talatin ba, goshinsa da hancinsa sak na mamacin. Takunkumin yana rataye a kunne ɗaya. Akwai jini a hannun farar rigarsa.

Yasmine ta kashe injinan. Ta gaya masa haƙƙinsa da Faransanci, cewa yana iya yin shiru har lauya ya zo. Ya girgiza kai.

"Na gaji da shiru."

Hassoumi ya tsuguna a gabansa. "Ina jinka."

"Shekara ta biyu a jami'a na faɗi jarrabawa. Na maimaita, na sake faɗi, suka sallame ni. Na ɗauki waya in gaya wa Baba, kafin in buɗe baki ya ce yanzu ya gama ba mutanen masallaci labarin ɗansa injiniya. Na ce bari sai gobe. Goben ba ta zo ba. Na yi hayar rigar gama karatu na ɗauki hoto. Hoton yana rataye a shagonsa, sama da teburin kuɗi. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa."

"Yau fa?"

"Ina jera akwatuna a bakin ruwa, taksi ya tsaya, Inna ta fito tana kallon jirgin baki buɗe. Na so in faɗa kogin. Na ce in na rufe fuska, na kai kayan, na ɓuya a ƙasa har tafiyar ta ƙare, shi ke nan. Hannuna ne ya ci amanata. Tun ina yaro ni ke sa masa allurarsa a firij. Sai da na rufe firij ɗin na gane abin da na yi."

"Ya sauko ya neme ka."

"A lungu ya tare ni ina ɗauke da tawul. Ya ja ni cikin ɗakin, ya fizge takunkumin. Ya kalle ni, ya kalli rigar. Na ɗauka zai mare ni. Bai mare ni ba. Ya ce, ni ma dako na yi a kasuwar Maradi kafin in samu shago, aikin bai dame ni ba. Amma shekara da shekaru kana kallon idon uwarka kana yi mata ƙarya. Ya ce zo mu hau sama yanzu, ka gaya mata da bakinka."

Ya dubi jinin da ke hannun rigarsa.

"Ya juya zai buɗe ƙofa. Na ce Baba tsaya. Bai tsaya ba. Na kamo rigarsa ta baya na fizgo shi. Da ƙarfi na fizgo shi, ban san ƙarfin ya kai haka ba."

"Nan take ya cika?"

Abdoul Razak ya rufe fuska da hannu biyu.

"Amsa mini. Yana numfashi?"

"Yana yi. Idonsa a buɗe, yana kallona. Leɓensa yana motsi."

"Akwai waya a gefen gadon. Asibiti yana tsallaken titi. Me ya hana ka kira?"

"Na ɗauki wayar." Muryar ta koma kamar ta yaro. "Na riƙe ta a hannu. Sai na tuna in mutane suka zo, Inna za ta biyo su, ta gan ni a cikin rigar nan. Na ce bari in yi tunani kaɗan. Ina cikin tunanin ya daina numfashi."

Yasmine ba ta jin Hausa, amma da ta ga fuskar Hassoumi ba ta nemi fassara ba. Shi kuwa ya miƙe a hankali, ya dafa injin wankin. Ya yi tsammanin zai ji labarin faɗa da tsautsayi. Bai shirya wa wannan ba.

"Tashi," ya ce. "Miƙo hannuwanka."

Hanyar fita daga jirgin ɗaya ce, kuma ta gaban falo take bi. Hassoumi ya yi niyyar ya bar su a ƙasa, ya hau shi kaɗai ya fara yi wa Hajiya magana. Amma motar ɗaukar gawa ta iso, an fito da Alhaji a lulluɓe, Hajiya Nazifa ta biyo shi har bakin ƙofa. Tana tsaye a wurin lokacin da suka ɓullo daga matakala.

Fuskar ɗanta ta fara gani. Ta buɗe hannuwa ta nufo shi.

"Abdoul Razak, har ka iso? Ka ga abin da ya same mu. Babanka ya tafi, ko sallama..."

Ta tsaya. Idonta ya sauka a kan farar rigar ma'aikata da tambarin jirgin a ƙirji. Ya sauka a kan takunkumin da ke lilo a kunnensa. Ya sauka a kan ankwa.

Hannuwanta suna nan a buɗe, ta manta ta sauke su.

"Kai ne ka kawo muna kaya," ta ce a hankali.

"Inna."

"Na tsaya kusa da kai kamar haka. Na yaba da aikinka." Ta juya ga Hassoumi. "Ɗana, me ya sa kunka ɗaure shi? Don ya yi ƙarya? Ai ba a ɗaure mutum don ya yi wa uwarshi ƙarya."

Hassoumi ya buɗe baki, amma Abdoul Razak ya riga shi. Ya zube a kan gwiwoyinsa a gabanta.

"Ni ne, Inna. Ni na jawo shi ya faɗi. Ni na bar shi."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta ja da baya taku ɗaya, sannan wani, har bayanta ya taɓa bango, ta sulale ta zauna a ƙasa. Shugabar ma'aikatan ta ruga ta riƙe ta.

Yasmine da wani ɗan sanda suka ɗaga Abdoul Razak. Suka bi da shi ta kan siririyar gadar sauka, fasinjoji suna leƙowa daga sama. Bai waiwayo ba. Aka sunkuyar da kansa aka shigar da shi mota, motar ta bi bayan ta gawa, duka biyun suka hau titi ɗaya.

Magariba ta kawo jiki, fitilun bakin kogi sun fara kamawa. Hassoumi ya koma ciki ya tsuguna kusa da Hajiya. Wayarta tana ta ruri a cikin jaka. Ta ciro ta da ƙyar, ta danna, muryar mace ta cika wurin, tana kuka, ana jin hayaniyar tashar jirgin ƙasa a bayanta.

"Inna, kamfanin jirgin sun kira ni. Ina tasha, zan hau na gaba, ina zuwa. Inna, kina jina? Kada ki zauna ke kaɗai. Na yi ta kiran Yaya Abdoul Razak bai ɗauka ba, amma zan same shi. Shi ne kusa da ke. Yana ji zai bar komai ya zo ya ɗauke ki."

Hajiya Nazifa ta kalli wayar kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. Ta miƙa wa Hassoumi da hannu biyu.

"Gaya mata, ɗana. Bakina ba ya ɗaukar wannan."

Hassoumi ya karɓa. Ya miƙe, ya ɗan matsa gefe, ya kara wayar a kunne.

"Hibatullah," ya ce, "sunana Sufeto Hassoumi. Ki nemi wuri ki zauna tukun."